Majo Titus da Maganin Kaska

Titus ya yi furfura a wani ɗan ɗakin shan magani da ke gefen Kanan-Bakashe. Shi ne majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin. Ba ya da fara'a, kuma bai yarda da mai yawan fara'a ba. Ya ga ma'aikata da dama sun zo da baki kamar zuma, damina na sauka hanya ta lalace, sai su nemi a maida su Maradi. Shi ya sa makullin kabad ɗin magani ba ya barin aljihunsa.

Da aka turo sabuwar ma'aikaciyar jinya, Zipora, mai gaisuwa har da tambayar awaki, sai ya ce a ransa ga wata kuma.

Ran kasuwa wata tsohuwar Bafillatana, Amatullahi, ta shigo da jikanta, jariri, yana dalalar miyau yana karkarwa. Uwarsa Sa'a na biye, ta zauna ta juya fuska ga bango. Ɗan fari ne, ba ta nuna ta damu da shi gaban uwar miji.

"Masassara ce," in ji tsohuwa.

Titus ya gwada jini, babu zazzaɓin sauro. Ya tambayi Sa'a me yaron ya sha, tsohuwa ta amsa, "Nono." Numfashin yaron kuwa na ta yin nauyi.

Zipora ta durƙusa gaban tsohuwa. "Inna, kin sha hanya, idonki ya yi ja. Majo, don Allah a auna mata tansiyo a waje, ko jininta ya hau."

Titus ya harare ta. A ransa ya ce yaro na mutuwa, ita tana lallashin tsohuwa don ƙwaryar nono kyauta. Amma ya lura ba tsohuwar take kallo ba, hannun Sa'a take kallo, yana murɗa bakin zane. Ya ja tsaki, ya fita da tsohuwa.

Bai gama ɗaura mata awon ba Zipora ta leƙo, ta yi ƙasa da murya. "Maganin kaskar shanu kakar ta shafa mishi a kai saboda ƙuraje. Uwar ta gani, ba ta iya faɗi gabanta."

Titus ya koma ciki da sauri. Ya tuɓe yaron, suka wanke shi da sabulu, ya yi masa allurar da ta dace, ya sa aka kai su babban asibitin Mayahi. Yaron ya rayu. Ba wanda ya kunyata tsohuwar. Zipora ce ta bi ta har bakin mota tana yi mata bayani a hankali.

Washegari ta tarar da makullin kabad a kan teburinta.

"Majo, ka yarda da ni ke nan?"

"Aljihuna ne ya huje," in ji Titus, yana wanke hannu. "Damina ba ta zo ba tukuna. In ta wuce kina nan, sai ki sake tambaya."