Ɗan Ƙarfe Mai Rusunawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 12 ga watan Yuni, 2024, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran aminina Maidaji, mutumin Maradi, a wani asibiti a nan Guangzhou ta ƙasar Sin, sakamakon zazzaɓin da muka ɗauka na gajiya ne. Ya rasu ya bar mini wasiyya guda: "Ma'azu, ka gaya wa Inna gaskiya, ka roƙar mini gafararta."

Maidaji, yawancin mutanenmu masu shaguna a ginin Tianxiu sun san ka ne da fataucin jakunkunan garin Shiling. Sun san ka da tarbar baƙo. Ɗan kasuwa zai sauka daga Yamai, idonsa jajir, ko gaisuwar garin bai iya ba, ka karɓe masa jaka, ka kai shi inda zai ci tuwo, washegari ka yi ta yawo da shi a kasuwar Canaan har ƙafa ta kumbura. In mai shago ya ce maka "meyo", wato babu, sai ka yi dariya ka ce, "Lawban," wato maigida, "duba ƙasan teburi mana!" Kuma wallahi sau da yawa a can ake samu.

Amma kaɗan ne suka san ɗayan aikin naka. Wani kamfanin fim ya ga gajartarka da rashin jikinka, ya sa ka cikin rigar mutum-mutumi, a jerin finafinan nan nasu na jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Ba kai ne jarumi ba, ina! Jaruman suna harbin dodanni, kai kuwa ɗan mutum-mutumi ne mai kai wa tsohon kyaftin shayi. Ba ka magana, ba a ganin fuskarka, mutum ya sunkuya ɗaukar gyaɗa sai ya tarar ka wuce. Mu muka raɗa maka Ɗan Ƙarfe, muna tsokanarka cewa ka baro Maradi ka zo Sin ka zama butar shayi.

Ba zan manta labarin ranarka ta farko ba. An ce ka miƙa wa kyaftin kofi a tsaye, ka juya. Da ka matso ka ga dattijo ne mai furfura fat, sai gwiwoyinka suka ƙi. Ka rusuna, ka miƙa da hannun dama, na hagu yana tallafe da shi, kai a sunkuye. Gwiwar rigar ta tsage ƙaƙas! Mai ba da umarni ya yi ta faɗa kamar zai ari baki. Sai dattijon ya ɗaga masa hannu, ya ce a bar shi haka. Da na tambaye ka me ya kai ka, cewa ka yi, "Haba Ma'azu, in tsaya ƙerere a kan sa'an kakana? Ko cikin gwangwani aka sa ni, ɗan Inna ne."

Haka aka bar shi a duk finafinan. Na taɓa ganin wata yarinya 'yar Sin a bakin kogi ta rusuna ta miƙa wa kakarta ruwa, uwarta tana dariya tana ambaton sunan mutum-mutumin. Kana gefena, ka kawar da kai, ka yi kamar jiragen ruwa kake kallo.

Da yamma in mun zauna a bakin kogin nan, hazo ya lulluɓe dogayen gine-gine, fitilu suna narkewa a cikin ruwa, kakan ce a cikin rigar ba ka jin komai sai numfashinka. Ta 'yar tagar idon kana ganin taurarin da suka rataye, ka san na ƙarya ne, amma sai su zame maka na saman gidanku lokacin bazara, Inna tana shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kakan ce wani lokaci ji kake jirgin da gaske tafiya yake, kuma Maradi ya nufa.

Abin da ya hana ka sakewa shi ne Inna Lauratu, mahaifiyarka. Ranar da za ka taho ta ce, "Fatauci na sallame ka. In ka zama ɗan wasa, ban yafe ba." Ka ɓoye mata shekara da shekaru, abin yana cin ka. Na sha ce maka ka faɗa mata, kana cewa sai ka je gida. Ga shi gidan da ka je ba wancan ba ne.

Bayan sadakar uku na kira matarka Saffana a Maradi, ta kai wa Inna wayar. Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya. Na dai ce, "Inna, akwai abin da zan turo, ki daure ki kalla." Ban ce mata komai ba kan wanda ke cikin rigar. Na tura, Saffana ta kunna mata; ina jin sautin fim ɗin daga can, ina jin kaji a tsakar gida. Can sai wurin kawo shayin ya zo. Kai ne ɗanta na fari, tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, "yaron nan" take cewa. Sai na ji ta ce:

"Saffana, maido baya. Wannan rusunawar ni na koyar da ita. Maidaji ne."

Na ce, "Shi ne, Inna. Ya ce ki yafe masa."

Ta ce, "Wanda bai tsaya a kan babba ba ko a cikin ƙarfe, me zan riƙe masa? Na yafe, duniya da lahira."

Na yi kuka, Maidaji, kukan da ban yi ba a maƙabarta. Na sauke wasiyyarka.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Maidaji, Ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Saffana da 'ya'yansa, da 'yan'uwanmu na Maradi da Yamai da ke nan, da Inna Lauratu, wadda aka ce kullum bayan la'asar sai ta ce a kunna mata wurin da yake kawo shayi. Allah Ya ba ta haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.