Kafaɗar Nunzio

Duk garinmu babu mai son zama kusa da Sabino maƙeri, wanda muke kira Mastro don gwanintarsa, a gidan sinima sai ni, ni ɗin ma ba don ina so ba. Ni na riƙe ɗansa Nunzio ranar baftisma, muka zama kumpare, wato aminan da baftisma ta haɗa, kumpare kuwa ba ya gudun kujerar ɗan'uwansa. Ni Donato mai aski, na yi shekaru ina biyan kuɗin kallo ina komawa gida da surutun mutum ɗaya cike da kunnena.

A lokacin, finafinan ƙarti ake yayi, waɗanda ake yi a Roma. Wani basamude da ɗan bante na fata da takalma masu igiya, an shafe shi da mai yana ƙyalli, ya tsinka sarƙa, ya ture ginshiƙin fada, ya ɗaga dutse ya jefi runduna. Kafin ya iso kuwa mugun sarki ya gama gasa wa bayi aya a hannu: bulala, ƙarfe mai wuta, bango mai ƙusoshi yana matsowa. Mata su rufe fuska da mayafi suna leƙe ta gefe. Ana cikin haka sai ka ji muryar Sabino.

"Gwangwani ne! Sarƙar da ba ta sunkuyar da wuya ai ba sarƙa ba ce."

"Haba Mastro, ka bar mu mu ci kuɗinmu mana!"

"Ku ci. Dutsen nan kwali ne. Ku dubi ƙafarsa, ko nutsewa cikin yashi ba ta yi ba."

Ba a sinima kaɗai ba, halinsa ke nan. Yana ƙwanƙwasa kankana har mai ita ya gaji ya ce ya bar masa kayansa. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya tsaya tunanin abin da kake nema. Matarsa Filomena ta rantse ranar aurensu sai da ya gatsa zoben da haƙori, alhali shi ya sayo shi. Saverio mai sinima ya taɓa cewa zai riƙa ba shi kuɗin tikiti ya zauna a gida, Sabino ya ƙi, wai akwai abin da ake son ɓoye masa.

Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Nunzio ƙato ne mai yarda da kowa. Ya tafi Roma aikin gini, ana nan wata Lahadi sai ga shi a kan allon sinima, tsirara sai bante, an ɗaure hannuwansa a jikin dawakai biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, ana zabga musu bulala. Zauren ya kaure. "Nunzio ne! Ɗan maƙeri!" Yara suna hawa kujeru. Na juya ina jiran in ji "igiyar ƙarya ce", na ga Sabino ya yi shiru, hularsa a matse cikin hannunsa.

Da muka fito, Karmine mahauci ya tare shi yana dariya.

"To Mastro, yau ba ka tona asirin ba. Ko don abin na gida ne?"

Sabino ya wuce abinsa. Sai da muka kai kwanar maƙera ya ce mini, "Kumpare, ihun nan ba muryarsa ba ce, wani aka sa ya yi."

"Ai kullum haka suke yi."

"Na sani. Amma akwai inda dokin dama ya zabura, yaron ya rufe baki, ihun bai tsaya ba. Ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Yana ɗan shekara bakwai tartsatsi ya faɗa masa cikin takalmi, haka ya yi. In ƙarya yake, kuka yake yi. In abin gaske ne, shiru yake yi."

Na ce masa ya bar wannan tunanin, fim ne, komai na cikinsa dabo ne, shi da kansa ya koya mana. Ya dube ni kamar da ni aka haɗa baki. Kullum sai ya koma ya sake kallo, har aka ɗauke fim ɗin aka kai wani gari.

Abin da ke cin ransa na san shi. Bikin waliyyin garinmu yana tafe cikin Agusta, ranar da ake ɗaukar mutum-mutuminsa a kan dogayen katakai biyu a zaga gari, a hau matakalar coci da shi. Gurbin gaba na katakon dama na gidan su Sabino ne tun kakansa, kuma tun da bayansa ya fara ciwo Sabino ya miƙa wa Nunzio. Wanda ya kasa a gurbinsa a gaban jama'a, gurbin ya bar gidansu ke nan. Karmine kuwa yana da 'ya'ya ƙarti, idonsa ya daɗe a wurin.

Nunzio ya sauko daga bas ana jibi biki, da baƙin tabarau, ya yafa kwat a kafaɗu bai sa hannu ciki ba, ga rana kamar ta dafa ƙwai. Ya riƙa miƙa wa mutane hannun hagu, wai haka 'yan fim ke gaisawa a Roma. Kowa ya yarda, har samari suka fara kwaikwayo. Uban dai ya tsaya nesa yana kallo. Da suka zauna cin abinci, in ji Filomena, Sabino ya jefa masa burodi ta ɓangaren dama, burodin ya faɗi ƙasa. Yaron ya yi dariya ya ce hankalinsa ba ya wurin.

Washegari ya zo shagona aski. Da na ɗora masa tawul na ga kafaɗar dama ta sauka, ta fi ta hagu ƙasa, ga hannun ya rame. Muka haɗa ido a madubi.

"Kawu Donato, gyaran fuska kawai," in ji shi. Ya ƙara da ƙaramar murya, "Gobe zan ɗauka. Kar Baba ya ji komai."

Tausayinsa ya kama ni. Yana fita Sabino ya shigo, ashe yana bayan ƙofa.

"Me ka gani?"

"Gashi na gani, kumpare. Ni mai aski ne."

"Kai ma ba ka iya ƙarya ba. Kunnenka ya yi ja."

Ya fita. Da la'asar na ji ƙarar zarto daga maƙerarsa, na yi mamakin abin da ya haɗa maƙeri da katako.

Ranar biki muka jeru ƙarƙashin katakai, kowa da tawul a naɗe a kafaɗa. Gurbina shi ne na biyu a dama, bayan Nunzio. Sai ga Sabino da farar riga, tawul ɗinsa ya yi tudu fiye da na kowa.

"Matsa baya, kumpare. Na yi alkawari ga waliyyi bana zan ɗauka."

Mutumin da bai taɓa yarda da alkawarin kowa ba! Na matsa. Aka ce a ɗaga, 'yan badujala suka busa, katako ya tashi. Ina bayansa ina gani: a cikin tawul ɗin akwai guntun itace da ya sassaƙa daidai kafaɗarsa, ya ɗaga shi sama da ɗansa. Katakon ya zauna a kan tsohon. Tsakaninsa da kafaɗar Nunzio akwai ɗan sarari da yatsa zai iya shiga.

Nunzio ya ji babu nauyi, ya fara waiwayowa.

"Dubi gabanka," in ji uban ta cikin haƙora. "Ka yi irin fuskar da suka koya maka."

Ya yi ta kuwa. Ya cije baki, ya fiddo jijiyoyin wuya, yana nishi, 'yan mata suna watso masa furanni daga tagogi. Hawayen da ke zubo masa ne kawai ba a koya masa ba, jama'a suka ɗauka gumi ne. Ni kuma ina kallon ƙeyar Sabino ta yi baƙi don taruwar jini, gwiwoyinsa suna karkarwa a kowace matakala. Na tura kafaɗata iyakar ƙarfina, amma nauyin gaba na gaba ne. Bai yi ko tari ba. Ya karkata kai gefe kamar mai sauraron wani abu daga nesa, a nan na gane inda yaron ya gado.

Muka sauke waliyyi a ƙofar coci, tafi ya ɓarke. Karmine ya kutso, yana duban Nunzio sama da ƙasa, yana duban katakon. Biri ya so ya yi masa kama da mutum. Ya juya ga wanda duk gari ya san ba ya rufa wa ƙarya asiri.

"Mastro Sabino, kai ne mai ido. Ƙarfin yaron nan fa, shi ma kwali ne?"

Mutane suka zuba wa tsohon ido. Sabino ya jingina da bango, ya dafe tawul ɗin da hannu don kar ya zame. Daga inda nake ina ganin ja yana bin farar rigarsa ta ƙarƙashi, kuma ba irin jan da suke shafawa a Roma ba ne.

"Wannan gaskiya ne," in ji shi. "Da idona na gani."