Layi a Wuyan Hoto

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Bukar, mai zanen bayan tirela a bakin kasuwar shanu ta Potiskum, amma har yau littafinsa bai bar ni na huta ba.

Wani mutumin Italiya mai aikin hanya ne ya bar masa shi. Zane-zanen ƙasarsu ne na ɗaruruwan shekaru: mata rungume da jarirai, tsofaffi masu gemu, haske na sauka a gefe guda na fuska. Yaya bai san ko harafi na yarensu ba, amma sai ya wuni a shafi ɗaya. Yakan ce mutanen nan sun san inda inuwa take kwana. A nan ya koyi fitar da tozon sa, har direbobin Gadaka ke cika rumfarsa. Duk san da ya zana sai ya ja masa siririn layi a wuya, don kada a ce ya kwaikwayi mai rai. Littafin kuwa bai taɓa ɗora masa biro ba. A shekarun tashin hankali, da hoto kaɗai ke iya ja wa mutum bala'i, cikin buhun gero ya ɓoye shi.

Ban san me zai ce ba da zai ga yau inji ke buga hoto a manna wa mota. Na fi fargabar abin da zai ce da ya ga ɗansa Modu a makon jiya.

Modu magidanci ne yanzu. Ya ji wa'azi, tsoro ya kama shi kada hotunan littafin su zame wa mahaifinsa azaba a kabari.

"Baffa, ko a ƙona, ko in ja wa kowa layi a wuya."

Ban iya musu da ɗa mai nema wa ubansa sauƙi ba, sai na miƙa masa littafin. Ya ja wa shafi uku, ina jin biron har cikin haƙorana.

A na huɗu wata takarda ta faɗo. Zanen fensir ne na Yaya, mace da kallabi rungume da jariri, haske a kumatunta na hagu irin na Italiyawan nan. Wuyanta babu layi.

"Wannan wace ce?"

"Mahaifiyarka ce, ranar sunanka."

Modu bai tashi ya san fuskarta ba, kuma ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Ya daɗe biron na tsaye a kan wuyanta. Tirelolin da Yaya ya yi wa zane duk an sake musu fenti, abin da ya rage nasa ke nan a hannun ɗansa.

Ya rufe biron, ya ce in ara masa ambulan ya saka takardar a ciki.