Gwaggo Asabe da Gonar da Ta Hana a Sayar

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, amma har yau in na bi hanyar Mafara zuwa Bakura na ga shinkafa ta yi kore shar, ita nake fara yi wa addu'a.

Ina ƙarami aka fara aikin dam ɗin Bakolori. Aka ce kowa ya ɗaga daga gonarsa sai an baje ƙasa an ja hanyoyin ruwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, ko ƙwayar gero ba mu shuka ba, rumbunmu ya ƙare. Da aka dawo mana da gonar, motocin aiki sun kankare ƙasar sama, sai jar ƙasa mai tauri. Wani attajiri ya taya, Baba ya yanke shawarar ya sayar mu koma birni ya kama dako.

Gwaggo na jin labari ta taso daga Mafara, inda take aure. Bayan an gama gaisuwa ta ce, "Umaru, an ce za ka sai da gona. In kuɗin sunka ƙare, mi za ka ce ma ɗiyanka?"

Baba ya ce, "Yaya, ƙasar ta mutu."

Ta ce, "Ba ta mutu ba, yunwa take ji kamar mu."

Da ƙyar Baba ya fasa sayarwa. Mijinta falken shanu ne. Ta roƙe shi, aka yi ta jigilar takin garkensa a kan jakuna har rani ya fita. Mu yara kuwa ta kwashe mu zuwa gidanta, ta ciyar da mu da cinikin ƙuli-ƙuli. Noman farko bai yi kyau ba, Baba ya daina zuwa gaishe ta. Ba ta yi fushi ba, ta ƙara aiko da taki. Mai haƙuri yakan dafa dutse: a hankali ƙasar ta farfaɗo.

Daga baya gwamnati ta ce a koma alkama, ta hana shigo da ta waje, muka samu. Da aka sake buɗe ƙofa, farashi ya faɗi, maƙwabtanmu da dama suka rabu da gonakinsu. Gwaggo ta ce wa Baba ya riƙa ware wa gero da dawa gefe, don gwamnati kan sake magana, ciki kuwa ba ya jiran sanarwa.

Da za ta ga yau, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, takin gwamnati na isowa bayan shuka ta wuce, ban san me za ta ce ba. Ina jin dai ba za ta tsaya ƙorafi ba.

Na san 'ya'yan waɗanda suka sayar; wasunsu ƙwadago suke yi a gonakin iyayensu. Ƙanena kuwa a tamu yake noma, daga cikinta aka yi karatuna. Gwaggo ba ta taɓa riƙe fartanya a gonar nan ba, amma duk wanda ya ci tuwo a gidanmu, nata ya ci. Allah Ya ni'imta kabarinta.