Neman saki na biyu, daga Bibemi zuwa Figil

Mun tashi da asubar Litinin daga Bibemi, ni da yayata, a wata tsohuwar mota da ta ɗauki mutum tara da buhunan gyaɗa. Lauya muka fita nema. A garinmu za ka samu mai ɗori, ka samu malamin da zai raba gado a zama ɗaya, amma lauya kam sai Garwa.

Ga abin da ya fito da mu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mijin yayata ya sake ta, saki na mutunci, gaban liman da shaidu. Ta dawo gida ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta sayi fili, ta gina ɗaki uku. Watan jiya ta je a yi wa gidan takarda. Ma'aikacin ya duba katin shaidarta, ya ce mijinta ya zo ya sa hannu. Ta ce ba ta da miji, ya ce a wurin gwamnati tana da shi. Ashe lokacin da mijin ya samu aiki a Figil sun je ofishin magajin gari an yi musu akta, wato takardar auren gwamnati, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ita ma sai an warware ta. Tun ranar yayata ba ta ci abincin kirki ba. Ni kuwa da na ɗan taɓa boko, na ce ta ɗauko mayafi, ba mai raba ta da gidan nan ina raye.

Hanyar ta sha ruwan damina, direba yana kauce wa rami yana faɗa wa wani. Gonakin auduga dama da hagu. Sai da muka hau kwalta a Pitowa haƙarƙarina ya huta.

Garwa ta tarbe mu da zafinta da 'yan babur. A ƙofar kotu wasu maza uku masu jakunkuna suka yi mana ca, kowa ya ce shi ne lauya. Na tambayi na farko ina ofishinsa, ya nuna mini gindin bishiya. Na ja hannun yaya muka wuce kasuwa wurin kawunmu mahauci. Mahauci ya san kowa ta cikinsa. Ya ce akwai wata lauya da ke sayen hanta a wurinsa duk Juma'a, ba ta da wasa ko a ciniki. Ya cika mu da tsire, ya kwatanta mana benen da ofishinta yake.

Lauyar Bafulatana ce, Hausarta tana ɗingishi, sai muka haɗa da Fulatanci. Yaya ta sauke tambayoyin da ta kwana da su. Shin sakin liman bai yi ba ne? Wata nawa za a yi? Dole sai ta tsaya gaban alƙali?

"Adda, sakinki ya yi a addini," in ji lauyar, tana kiranta yaya da Fulatanci. "Amma abin da magajin gari ya ɗaura, alƙali ne ke kwance shi. Za ki tsaya gabansa, ba ya cizo. Batun gida kuwa sai na ga akta. Akwai inda ake rubuta ko dukiyarku haɗe take ko rabe."

Aktar tana hannun tsohon mijin. Na ga tsoro a fuskar yaya ƙarara. Mutumin da ya manta da ita, mu ne za mu je mu tuna masa yana iya neman rabin gidanta.

Washegari muka kama hanyar Figil. Manyan motocin siminti suna ta wuce mu, kuma tun kafin mu shiga gari ganyen itatuwa ya yi fari da garin dutse. Mun sami tsohon mijin a ƙofar gida, ya yi ritaya, gemu ya yi furfura. Yana ganina ya ce, "Ƙanwata mai baki, har yau ba a ɗinke shi ba?" Na ce zaren ne ya yi tsada. Matarsa ta yanzu ta kawo mana tuwon dawa da miyar yakuwa, ta zauna tare da mu.

Ya fito da aktar daga cikin akwatin ƙarfe. Na karanta a fili, ina fassarawa. Dukiya haɗe. Yaya ta runtse ido. Na ci gaba, sai ga layin da ya ce mace ɗaya.

"Mace ɗaya kamar yaya?" ya tambaya.

Ranar da aka yi musu aktar, da Faransanci aka yi ta tambayarsa, shi kuwa yana ta gyaɗa kai. Na ce masa bisa wannan takarda yayata ce kaɗai matarsa, wadda ta dafa mana tuwon nan gwamnati ba ta san da ita ba. Ya dubi matarsa. Sannan ya shiga ɗaki ya sako hula.

Tare muka koma Garwa, mu huɗu. A gaban lauya ya ce a rubuta cewa ko bulo ɗaya bai sa a gidan Bibemi ba, kuma zai maimaita wa alƙali. Lauyar ta ce shari'a za ta ɗauki watanni, amma mai wuyar ta wuce.

Mun iso gida Laraba da la'asar. Abin da na koyo shi ne, kada ka gyaɗa kai ga harshen da ba ka ji, kuma takardar da kake tsoro gara ka buɗe ta da wuri. Yaya ba ta tsaya jin wa'azina ba. Ta zagaya gidan ɗaki-ɗaki tana dafa bango, sannan ta leƙo ta ce in kira mata magini, za ta ƙara na huɗu.