Tayin da Aka Yi Mini Sau Ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani shagon gyaran kyamara a unguwar Deira ta Dubai, akwai wani dattijon Bature da yake kawo mana aiki sau biyu a shekara. Ni ne mai kwance kyamara da wanke gilasanta, don haka kayansa a teburina suke sauka. Kullum sai na tarar gishiri ya ci su, maɓallai sun ƙage. Ran nan na kasa haƙuri na tambaye shi, wai shi a cikin teku yake kwana ne?

Ya yi dariya ya ce kusan haka ne. Ashe ƙaramin jirgin ruwa gare shi, irin mai tafiya da iska. Yakan kwashi 'yan tsirarun masu ɗaukar hoto ya kai su wasu tsibirai can ƙarshen duniya ta kudu, dab da inda ƙanƙara ba ta narkewa. Babu gari, babu kasuwa, sai tsuntsaye da dabbobin ruwa. Dubai zango ce kawai a wurinsa, ya gyara kaya ya wuce.

Yakan bar mini katin kyamarar da hotunansa ke ciki don in ga inda tabo yake fitowa. Jama'a, a nan na kamu. Tabo aka ce in duba, ni kuwa sai in lula kallon tsuntsayen nan fengwin masu tafiya a tsaye, sun cika bakin teku fal kamar an taso daga masallacin Idi. Ga duwatsun ƙanƙara shuɗaye, ga wata ƙatuwar dabba kwance tana hamma, shi yana kiranta giwar teku. Ni da na tashi a Gusau, ban taɓa ganin teku ba sai da na zo Dubai. A waje zafi na gasa mutane, ni ina zaune ina jin kewar wurin da ban taɓa takawa ba. Har maigidana ya gane, in ya ga na yi shiru sai ya ce, "Habibi, ka tafi kudu ke nan?"

Dattijon ma ya gane. In ya zo sai ya ja kujera, in yi ta jero masa tambayoyi. Wari fa? Ya ce warin kashin tsuntsayen ake fara ji kafin a hango tsibirin. Amai fa? Ya ce kowa sai ya yi, har shi. Duk wannan bai rage mini komai ba.

Wajen ƙarshen 2019 ya zo kamar kullum. Yana haɗa kayansa sai ya ce mai kula masa da kyamarori a jirgi ba zai samu zuwa ba bana. Akwai gado ɗaya, ci da sha da tikiti duk a kansa, takardun biza ma zai tsaya mini, in dai na ba shi amsa da wuri. Kuma tafiyar ta faɗo daidai hutuna na shekara.

"Za ka zo?" ya ce.

Wallahi sai da na dafa tebur. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Haba, a'a, na gode. Wannan ai ya yi yawa."

Ku da kuka san gidajenmu kun san me nake nufi. Mahaifiyata, in muka je gidan mutane aka miƙo mana abinci muka karɓa a tayin farko, ba za ta ce komai ba sai mun fito, sannan kunne ya sha murɗa. Sai ka ce ka ƙoshi, a sake yi maka tayi, ka noƙe, a haɗa ka da Allah, sannan ka sa hannu. Ni dai na yi nawa. Na sunkuyar da kai ina goge gilashin da na riga na goge, ina jiran ya yi nasa.

Ya ɗan dube ni, ya ce, "To, na fahimta." Ya rataya jakarsa, ya ba ni hannu, ya fita.

Ko a jikina. Na ce dattijo ne mai hankali, ya ba ni lokaci ne, gobe zai dawo ya matsa. Har na fara tunanin inda zan samo rigar sanyi a garin da ba a san sanyi ba.

Da na koma ɗakinmu a unguwar Hor Al Anz na ba abokina labari. Shi ya riga ni zuwa Dubai da daɗewa, da Turawa yake aiki a wani otal. Yana cin shinkafa, sai ya ajiye cokali.

"Ka ce masa me?"

"Na ce a'a mana. So kake in nuna zalama?"

"Innalillahi! Malam, Bature ka yi wa kara? Waɗannan in ka ce a'a, shi ke nan, an rufe magana. Yalla, maza ɗauki waya yanzun nan!"

Na ce Allah ya kiyaye, ai wannan roƙo ne. Ya ce in roƙa ɗin, ba kashe ni zai yi ba. Muka yi ta ja-in-ja, na kafe a kan zai dawo. Washegari duk wanda ya turo ƙofar shago sai na ɗago kai. Bai dawo ba. Da na ga abin ba na wasa ba ne na ajiye girman kai na kira shi, ya ce ayya, ya riga ya ba wani, har an fara masa takardu. Amma kada in damu, akwai baɗi.

Baɗin ba ta zo ba. Korona ta shigo, aka rufe ko'ina, jirgin ya zauna a tasha. A 2021 sai ga shi ya shigo shago, ya rame, ba jaka a kafaɗarsa. Ya ce ya sayar da jirgin, gwiwoyinsa sun gaji, ya biyo ne mu yi sallama. Muna shan karak, shayin madaran nan na Dubai, ya ce akwai abin da ya daɗe yana damunsa. Duk cikin waɗanda ya sani babu mai son wurin nan kamar ni, me ya hana ni?

Na zayyana masa komai, har da murɗar kunnen. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya juya kofin a hannunsa.

"Da na sani," ya ce, "da sau goma zan tambaye ka."

Na ce, "Baba, sau biyu ma ya isa."

Ban ga laifinsa ba, ban kuma ga na mahaifiyata ba. Tarbiyya ta ba ni, kuma har gobe in aka miƙo mini abinci a gidan mutane sai na ce na ƙoshi. Abin da na koya kawai shi ne in fara duba wa ke yi mini tayin. Ba na baƙin ciki, amma kewar tana nan. Duk shekara in Disamba ta kama, nakan tuna yanzu can rani ne, tsuntsayen sun hau tudu suna ƙyanƙyasa, wani yana tsaye a cikinsu yana toshe hanci. Na so a ce ko sau ɗaya na ji warin nan da hancina.