Batirin da ya riƙa cinye mana kati

Shekara biyu muna da faifan sola a kan rufin gidanmu a Lafia, amma babu batir. In rana ta fito firiza ta tashi, in ta faɗi sai mu koma kan wutar gari. Ni kuwa da firizar nan nake ci, kunun aya da zoɓo nake sayarwa a ƙofar gida. Da aka ƙara kuɗin wuta, katin mita da yake kai mu wata guda ya koma da ƙyar yake cika sati uku. Maigida ya ce a sa batir kawai, a tara wutar rana a huta.

Na sayar da awakina biyu, shi ma ya cika. Wanda ya zo haɗawa, da kowa ke ce wa Injiniya, mutum ne mai baki. Yana ɗaure waya yana cewa, "Hajiya, daga yau ke da masu wuta sai gaisuwa."

Katin farko kwana goma sha biyu ya yi. Na ce ko na yi kuskuren lissafi ne. Na biyu ko haka bai kai ba.

Allah ya yafe mini, maƙwabciyata na fara zargi. 'Yar ƙabilar Tibi ce daga Adogi, tana sayar da doya, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum a gidanmu ake sa mata cajin waya. Wata safiya na taka turmi ina leƙen bayan ɗakinta, ko zan ga wayar da aka ja daga wajenmu. Ashe tana tsaye tana shanya.

"Maman yara, me kana nema?" in ji ta, da Hausarta.

Na ce kazata ce ta tsallaka. Ta dubi turmin, ta dube ni. Ta san ba na kiwon kaji.

Daga nan na wuce ofishin masu wuta da zafina. Na yi layi tun hantsi har azahar. Ma'aikacin ko ɗago kai bai yi ba.

"Madam, mita ba ta ƙarya. Abin da kuka sha shi ta ƙirga."

Na ce mun sa batir, ta yaya za mu fi da sha? Ya ce batirina bai shafe shi ba, na baya ya matso. Na ɗaga murya har mutane suka juyo. Wani dattijo da ke bayana ya ce, "'Yata, kafin ki ƙarar da yawunki, je ki tambayi wanda ya haɗa miki, daga ina batirin yake cika?"

Sai da na yi kwana huɗu ina kiran Injiniya. Yau yana Ashige, gobe mashin ya lalace. Da ya zo, ya tsuguna gaban akwatin da ke jikin bango, ya danna sau uku, sai ya kwashe da dariya. Wai ya bar shi yadda ya zo daga kanti. Duk sanda aka kawo wuta, batirin da wutar mita yake cika kansa, rana tana can tana dukan faifai a banza. Kusan wata guda ina sayen wuta da tsada ina ɗura wa batir.

"Ƙaramin abu ne, Hajiya," in ji shi. Sannan ya nemi kuɗin mai.

Ban san sanda na ce ya fita mini daga gida ba. Maigida ne ya bi shi zaure ya sallame shi, abin da har yau in na tuna yake ba ni haushi.

Yanzu kati yana kai mu wata biyu. Maƙwabciyata kuwa na kai mata kunun aya mai sanyi na faɗa mata gaskiya. Ta karɓa ta sha, amma sai da aka yi sati biyu kafin ta sake aiko da wayarta a sa mata caji.